Falon Mis Cilda

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar Chapeltown ta birnin Leeds ya san tagar Mis Cilda, ko da bai san ita kanta ba. Ita ce tagar nan ta kusa da shagon mahauci, mai farin labulen leshi wanda ba a taɓa kama shi da dauɗa ba, rani da hunturu. Bayan labulen nan falonta yake, kuma labarin Mis Cilda kusan duk labarin falon nan ne.

Cikakken sunanta Icilda Facey. 'Yar St Elizabeth ce, can kudancin Jamaika, inda ƙasa take ja kuma ruwan sama yake yanga. Ta iso Leeds ta ƙasar Ingila a 1957, ta biyo mijinta Linval da ya riga ta zuwa ya sami aiki a masana'antar narka ƙarfe. Ta taho da akwati ɗaya da hular zuwa coci, ta baro 'yarta Novlette, 'yar shekara biyu, a hannun uwarta. Ba ita kaɗai ta yi haka ba, rabin matan cocinmu haka suka yi. Ɗaki guda za a shiga a garin da ba a san kowa ba, ina za a kai ƙaramar yarinya? Ranar tafiya aka ba yarinyar guntun rake aka kai ta maƙwabta. Tsohuwa ta raka Icilda bakin hanya ta ce mata, "In mota ta tashi kada ki waiwaya." Ba ta waiwaya ba, kuma abin bai taɓa daina cin ta ba.

Shekara biyar za su yi su koma. Kowa a cikinmu haka ya ce. Je ka tare duk tsohon da ka gani a tashar bas, in mai gaskiya ne zai gaya maka shekara biyar ya zo yi. Akwatin ma ba a tura shi ƙarƙashin gado ba, saman kabad aka ɗora shi inda ido zai riƙa ganinsa. Icilda ta sami aiki a kamfanin ɗinki tana haɗa aljihun kwat, aljihu kawai, ba ta ganin kwat ɗin a gama sai a jikin mutane a titi. Hitar kananzir ce ke raba su da sanyi, har warin ya kama musu tufafi, a bas ma da hanci ake gane namu. Masu gidajen haya kuwa, da sun ga fuskarka an riga an ba wani ɗakin. Wannan bai taɓa sa ta kuka ba. Takan ce, "Gidansu ne, su dafa su cinye." Sai ta shiga adashi.

Biyar ɗin ta zo ta wuce ba wanda ya yi mata magana. Aka haifi Carlton, Sonia ta biyo shi, kwasar adashinta ta haɗu da ta Linval suka kama gidan nan na kusa da mahauci. Ranar da aka ba su makulli, tun ba a sayi gado ba, ta tsaya a ɗakin da ke kallon titi ta riƙe ƙugu ta ce, "Nan ne falo."

Wanda bai san mu ba in ya ga kujeru sai ya ɗauka falo wurin zama ne. Ina! Kujerun Mis Cilda da ledarsu suka zo daga shago, da ita suka tsufa. Kowace da saƙar hannu a wurin jingina kai. Ga furannin roba, ga ƙaton rediyo mai garmaho, ga hoton Jibin Ƙarshe na cikin Littafi Mai Tsarki yana fuskantar hoton aurensu, ga wani kifin gilashi mai launi-launi a kan rediyon, wanda shi ne abu na farko da ta saya a ƙasar nan da ba na ci ba ne ba kuma na sawa ba. A kusurwa kabad ɗin gilashi, cike da kofuna masu bakin zinariya. Makullin falon yana aljihun rigar girkinta. Fasto yakan shiga, mai inshora yakan shiga, baƙin Lahadi sukan shiga. 'Ya'yan gida kuwa kicin ne nasu, can ake ci, can ake faɗa, can ake aikin makaranta a kan teburin da ake yanka albasa. Carlton ya taɓa samun ƙofar a buɗe ya haye kujera da takalmi, har yau in yana ba da labarin sai ya shafa mazaunai. Kada a ga laifinta. A wurin aiki lamba ce ita, a titi abin kallo, a falon nan kaɗai take nuna wa duniya cewa daga gidan mutunci ta fito.

Amma akwai abin da falo bai cike mata ba. Tana son 'yarta. Tana son yarinyar nan ta shigo gidan ta kira ta Mama, shi ke nan, ba ta roƙi Allah wani abu da ya fi wannan ba.

Sai a 1966 hali ya yi suka aika aka taho da Novlette, lokacin ta kai sha ɗaya. Satin da za ta iso Icilda ta juye gidan kaf. Sista Euphemia, aminiyarta da suka shigo jirgin ruwa ɗaya, macen da bakinta ba ya ajiyar magana, ta leƙo ta tarar da ita a kan kujera tana goge ƙwan fitila.

"Cilda, lafiya? Sarauniya ce za ta sauka?"

"Sarauniya ta yi ta kanta. 'Yata ce za ta zo."

"To 'yar taki bango za ta zo lasa? Kin wanke labulen nan har ya fara neman ceto."

"In ba za ki riƙe min kujera ba, ga hanya nan."

Linval ne ya je London ya ɗauko ta daga filin jirgi. Watan Fabrairu ne. Aka buɗe ƙofa sai ga doguwar yarinya siririya, da rigar shan iska, kwat ɗin ubanta a kafaɗa, takardar sunanta maƙale a ƙirji. Icilda ta daɗe tana shirin rungumar nan, a bakin keken ɗinki ta shirya ta, a bas ta shirya ta. Amma jaririya mai rake a hannu ta shirya runguma, ba wannan mai tsayi da idon manya ba. Hannu ya ƙi tashi. Kunya ce ta kama ta, kunyar 'yar cikinta. Sai ta yi abin da ta iya: ta zaro makulli ta buɗe falo.

Ta zaunar da ita a kujerar Fasto. Ta buɗe kabad ta ɗauko kofin da ko Faston bai taɓa sha da shi ba, ta zuba mata shayi da madarar gwangwani, ta yanko mata kek a faranti mai fure. Carlton da Sonia suka cunkuso kai ta ƙofa suna zare ido, don ba su taɓa ganin yaro a kujerar nan ba tare da bulala ta biyo baya ba.

"Ku koma kicin, marasa kunya, kada ku dame ta!"

Suka kwasa da gudu suna dariya. Ta bi su ta ƙara musu wani zagin, ta dawo ta zauna a gefen kujera tana kallon yarinyar tana sha. Zuciyarta fal. A ranta tana cewa, ga shi, 'yata, abin da ya fi komai a gidan nan naki ne. Yarinyar ta daɗe a kan kofin nan. Da ta gama ta ajiye shi da hannu biyu ta ce, "Na gode, Mis Cilda."

A ƙauyensu haka kowa yake kiran ta, haka yarinyar ta tashi tana ji, Mama kuwa a wurinta ita ce tsohuwar da ta baro tana kuka a bakin hanya. Icilda ta ji maganar har cikin ƙashi, amma ta ce wa kanta sabo ne, a hankali zai wuce.

Bai wuce ba. Kuma yadda aka fara haka aka ci gaba. Novlette ba ta wanke-wanke, ba ta shara, ba a aiken ta shago. Ranar Lahadi cinyar kaza tata ce. Da aka ga tana da ƙwaƙwalwa sai aka buɗe mata falo ta riƙa karatu a ciki ita kaɗai, inda babu hayaniya. A gidan da kullum ana jin muryar Mis Cilda har titi, ba wanda ya taɓa jin ta ɗaga wa Novlette murya. Carlton ya laƙaba mata Gimbiya.

"Mama, Gimbiya ta gama cin abinci. In ɗauke kwanon, ko sai an kaɗa ƙararrawa?"

Tsumman goge tukunya ne yake ba shi amsa a ƙeya.

Linval mutum ne mara yawan magana, amma ya taɓa cewa, "Cilda, yarinyar nan fa tana da hannu. Ki aike ta mana, ko gishiri ne."

"Da wane bakin? Ni na raine ta? Tana can tana ɗebo ruwa a ka ina nan ina ɗinka wa Turawa aljihu. Wahalar da ta sha ta ishe ta."

"To, Allah ya kyauta," in ji shi, ya koma kan jaridarsa.

Wata Asabar, Novlette tana da shekara goma sha uku, aka ji tartsatsin gilashi daga falo. Icilda ta shiga da gudu ta tarar da kifin nan a ƙasa ya yi gutsi-gutsi, yarinyar tana tsaye a kansa tana kallon ta ido cikin ido. Da Carlton ne da sai maƙwabta sun shigo rabiya. Icilda ta haɗiye abin da ya taso mata ta ce, "Ba komai. Ba ki yanke ba dai? Matsa kada ki taka." Ta share da kanta. Ta yi kukan kifin a banɗaki inda ba mai ji, kuma ta ji daɗin kanta da ta iya dannewa.

Novlette ta gama makaranta ta tafi London, ta zama malama, ta zauna can. Takan zo Kirsimeti da Ista. Ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta miƙa tsaraba a naɗe, a buɗe mata falo, a fito da kofin. Su gaisa, su tambayi lafiyar juna, su yi maganar sanyi. Ta bango ana jin Carlton da Sonia da 'ya'yansu suna ta da ƙura a kicin kan wanda ya shanye zoɓo. Da tsohuwa ta rasu a St Elizabeth, Novlette ce ta je ta binne ta. Ta dawo ta ce a can yanzu 'yar Ingila suke kiran ta, har a kasuwa ana ninka mata kuɗin mangwaro. Icilda ta ce, "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi," ta ƙara mata shayi. Linval ma ya rasu, aka binne shi a nan Leeds, ƙasar da ya zo yi wa shekara biyar. Akwatin yana nan saman kabad, barguna ne a ciki yanzu.

Novlette tana dab da arba'in ta fitar da littafi. Lokacin 'ya'yanmu sun fara rubuta mu, wannan ya rubuta jirgin ruwa, wancan ya rubuta ɗakin haya, Turawa suna saye suna mamaki kamar ba a gabansu aka yi ba. Ita da kanta ta kawo wa uwar nata, ta miƙa mata a falo. Icilda ta goge hannu a riga kafin ta karɓa. Ga sunan Facey ɓaro-ɓaro a bango, sunan Linval, wanda a masana'anta ba su taɓa iya rubuta shi daidai ba. Ta buɗe kabad ɗin gilashi, ta matsar da kofuna, ta shimfiɗa sabuwar saƙa, ta jingina littafin a tsakiya yana kallon ƙofa.

Bayan wata biyu Novlette ta bugo waya. Bayan gaisuwa ta ce, "Mis Cilda, kin duba shi kuwa?"

"Yana nan a adane. Ko ƙura ba ta taɓa shi ba."

Sai Novlette ta ce za ta zo Leeds, ɗakin karatu na unguwa ya gayyace ta ta karanta wa jama'a wani abu daga ciki, ranar Asabar da rana.

Duk cocinmu mun je. Mis Cilda ta sa hular da ba ta sawa sai bikin aure, ta zauna a layin farko da Sista Euphemia, jaka a cinya, tana amsa gaisuwa da ka. Novlette ta hau ta buɗe littafi. Ta canja sunaye, amma wa za a ɓoye wa? Da ta fara da kujeru masu leda da furannin roba sai wuri ya kaure da dariya, kowa yana zungurar na kusa da shi, don kowa falon uwarsa yake gani. Mis Cilda ma ta yi murmushi ta gyara zama. Sai muryar Novlette ta sauka, ta karanta:

"Kujerar tana ƙara duk lokacin da na motsa, sai na daina motsi. Kofin yana da bakin zinariya, ina tsoron haƙorina ya taɓa shi. Ta bango ina jin matar tana zagin wasu yara, tana ce musu marasa kunya, su kuma suna dariya, cokula suna ƙara. A gidan kakata na san waɗanda ake ba irin wannan kofi. Mutanen da za su tafi ne in sun gama sha. Sai na riƙa sha a hankali, don ban san inda zan tafi ba."

Mata da yawa a wurin sun bar 'ya'ya a baya, kowace ta sunkuyar da kai tana kallon jakarta. Mis Cilda ba ta sunkuya ba. Ta zauna ƙiƙam, fuska a ɗaure, kunnuwanta suna zafi.

Da aka zo tambayoyi wata Baturiya mai kirki ta tashi ta tambayi abin da kullum suke tambaya: tsakanin Jamaika da Ingila, ina marubuciya take jin nan ne gida? Novlette ta ce a can ana ce mata 'yar nan, a nan ana ce mata 'yar can, kuma wannan ya daina damun ta tuntuni. Ta ce, "Ƙasa ba ta taɓa zama matsalata ba. Ni ƙofa ɗaya ce ban taɓa shiga ba sai na ƙwanƙwasa." Aka tafa. Kafin a gama tafin Mis Cilda ta miƙe ta fice, Sista Euphemia tana biye da ita tana dogara sanda.

Fushi ta yi, ba wani abu ba, fushi mai zafi. Har suka wuce tashar bas tana faɗa.

"A gaban Fasto! A gaban Turawa! Abin da na hana kaina na ba ta, abin da 'ya'yan da na haifa a nan ko taɓawa ba su yi ba, shi ne yau ya zama abin tona min asiri?"

"Ƙarya ta yi miki?"

"Ba maganar ƙarya ake ba."

"To maganar me ake? Tsaya mana, ƙafata ba irin taki ba ce." Sista Euphemia ta dafa bango ta huta. "Cilda, tun ranar da na gan ki kina goge ƙwan fitila na san za a rina. Garin gyaran gira kika tsokale ido. Baƙo raɓa ne, ke kin fi ni sani. Kin ɗauki 'yar cikinki kin yi mata tarbar raɓa, sannan kina mamaki rana ta fito ta tafi?"

"Ke da ba a rasa ki da magana."

"Ni da magana, ke da littafi. Nawa ɗan da na baro yana can Toronto, ko katin Kirsimeti ba na gani. Da zai zauna ya cika littafi guda da zagina, wallahi da na yi rawa a titi. Wanda ya fitar da kai daga ransa ba ya rubuta ka."

Mis Cilda ta wuce gida. Novlette ta koma London a jirgin ƙasa na yamma ba ta biyo ta gidan ba.

Kwana da kwanaki littafin yana kabad, ita tana wuce ƙofar falo kamar sun yi faɗa. Ran nan da hantsi ta buɗe, ta ɗauko shi ba tare da ta goge hannu ba, ta kai shi kicin ta dangwarar a tebur. Karatunta na Littafi Mai Tsarki ne da takardar kuɗin wuta, don haka a hankali ta bi shi, da tabarau a karan hanci da yatsa a kan layi, tukunya tana tafasa a bayanta. Wani wurin ta yi tsaki, wani wurin ta yi dariya ba ta shirya ba. Inda aka kwatanta Linval yana gyangyaɗi da jarida a fuska ta rufe littafin ta fita tsakar gida ta daɗe.

Can wajen tsakiyar littafin ta iske labarin kifin. Ashe ba suɓucewa ya yi ba. Yarinyar ta yi sati tana shiri, ta zaɓi abin da matar ta fi so a duk gidan, ta ɗaga shi da hannu biyu ta sake shi, ta tsaya tana jiran dukan da ake yi wa Carlton, don ta lura duk wanda aka daka a gidan nan daga baya akan ja shi jiki a shafa masa kai a tura masa abinci. Sai aka ce mata ba komai. A littafin ta ce ranar ta tabbatar ba za ta taɓa zama 'yar gidan ba.

Mis Cilda ta cire tabarau ta ajiye. Baƙin ciki ya taso mata irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka binne Linval. Shekara da shekaru tana alfahari da haƙurin da ta yi ranar nan. Ta zauna har shinkafa ta kama, ƙauri ya cika gidan.

Ba ta buga waya ba, ba ta iya irin wannan maganar a waya ba. Kirsimeti ta jira, tana fargabar ko za a zo ko ba za a zo ba.

Aka zo. Ana gobe Kirsimeti da rana aka ƙwanƙwasa ƙofa, ƙwanƙwasar nan mai ladabi da duk gidan suka sani. Carlton ya miƙe, uwar ta ce, "Zauna." Ta je ta zare sakata, ta juya ta koma kicin ba sannu ba madalla. Novlette ta shigo da tsaraba a naɗe, ta tsaya a soro. Mace mai furfura a goshi, wadda ake gayyata jami'o'i, ta tsaya tana raba ido. Da ta ga ba wanda ya fito, ta nufi inda ta saba, ta murɗa hannun ƙofar falo. A kulle.

Murya ta fito daga kicin, irin wadda ake ji har shagon mahauci.

"Me kike nema a can? Ɗakin baƙi ne!"

Ta tako a hankali har ƙofar kicin. Zafi da ƙamshin citta suka dake ta. 'Ya'yan Sonia a ƙarƙashin tebur, Carlton yana yanka naman akuya, zoɓo a babbar roba. A kan tebur, tsakanin albasa da gwangwanin madara, ga littafinta. Bayansa ya karye, gefen shafukan ya yi rawaya da garin kori na miya, an dasa masa zoben gindin kofi a kan sunanta, cokali a ciki yana riƙe da shafi.

Mis Cilda ba ta juyo daga kan tukunya ba.

"Kofin nan shuɗi ne, ba kore ba kamar yadda kika rubuta. Kek ɗin kuma ni na gasa shi, ba na shago ba ne, ki gyara kafin ki ƙara yi min ƙarya a duniya. Sannan kifina." Ta juyo da ludayi a hannu, idonta jajir. "Ashe da gangan ne? Kifin da na yi wata uku ina kallo a tagar shago? Mara mutunci! Mai ƙaton kai irin na ubanta! Da na sani da sai na fasa miki jiki ranar nan, da sai kin yi sati ba ki zauna ba! Kin tsaya kina kallo na kamar gunki, ga kwakwa can tun safe tana jiran mai gurzawa, ko ita ma sai na kawo miki a faranti mai fure?"

Carlton ya ajiye wuƙa, baki buɗe. Ya ce, "Yau ga ikon Allah. An sauke Gimbiya."

"Kai kuma rufe min baki!"

Novlette ta ajiye tsarabar a kan firij. Hawaye yana zuba, ba ta share ba. Ta fara kokawa da maɓallin kwat.

"Wai ba da ke nake ba?"

"Haba Mama, ki bari in cire kwat mana!"

Mis Cilda ta juya ga tukunyarta da sauri. Ta daɗe tana juya miyar da ba ta bukatar juyi. Can ta ce, "To wa ya riƙe ki? Magurji yana bayan ƙofa. Ki kula da yatsunki, yana da ci."